Darussa Tara, Shekara Uku: Shawara ga Masu Shiga Aji Huɗu

[Kiɗan buɗe shiri]

Gaisuwa ta musamman ga 'ya'yanmu da ƙannenmu da suka kammala aji uku na ƙaramar sakandare, suke shirin shiga aji huɗu. Shirin yau naku ne. In akwai irin wannan yaro ko yarinya a gidan, a kira su su matso kusa da rediyo, a ba su biro da takarda, domin akwai abubuwan da zan so a rubuta.

Maganarmu ta yau a kan zaɓen darussa ce, da sharuɗɗan takardar kammala babbar sakandare. A makarantu da yawa wannan zaɓi ba ya ɗaukar lokaci. Malami ya shigo da rajista, ya ce 'yan sayans su koma nan, 'yan at su koma can, 'yan kwamashal su tsaya inda suke. Yaro ɗan shekara 14 ko 15 ya waiga ya ga inda abokinsa ya nufa, ya bi shi. Uba yana kasuwa ko gona, uwa tana gida, babu wanda aka tuntuɓa. Sai bayan shekara uku, ranar da aka je cike fom ɗin JAMB, sannan a gano cewa kwas ɗin da yaron ya ƙwallafa rai a kansa yana buƙatar darasin da bai taɓa zama ajinsa ba. Wannan asara ana iya kauce mata, kuma kaucewar ba kuɗi take ci ba. Abin da take buƙata shi ne sani, da tambaya a kan lokaci.

Bari mu fara da ita takardar kanta. A tsarin karatun Nijeriya yaro yana yin shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare. A ƙarshen aji shida yake zana jarrabawar da za ta ba shi shaidar kammalawa. Hukumomi huɗu ne ke shirya irin wannan jarrabawa. Akwai WAEC, ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, kuma Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya suka yi tarayya a cikinta. Akwai NECO, wadda gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa a 1999, hedikwatarta tana Minna. Akwai NABTEB, ta makarantun fasaha da kasuwanci, an kafa ta a 1992, tana birnin Benin. Sai NBAIS, mai kula da jarrabawar makarantun Larabci da ilimin addinin Musulunci, wadda ke Kaduna. Takardun waɗannan hukumomi duk ana neman gurbin karatu na gaba da su.

A lura, JAMB daban take, ko da yake mutane da yawa suna cakuɗa su. JAMB, wadda aka kafa a 1978, ba ta ba da shaidar kammala sakandare. Aikinta tantance masu neman shiga jami'a da foliteknik da kwalejin ilimi. Darussa huɗu ake ɗauka a jarrabawarta, Turanci dole ne, sannan uku da suka dace da kwas ɗin da ake nema, jimillar maki 400. Yaro zai iya cin maki 300 a JAMB, gari ya ɗauka, amma in takardarsa ta sakandare ba ta cika sharaɗi ba, babu jami'ar da za ta yi masa rajista.

To mene ne sharaɗin? Sakamakon kowane darasi yana fitowa ne a mataki tara. A1, B2, B3, C4, C5 da C6, waɗannan shida su ake kira kiredit. D7 da E8 tsallakewa ce kawai, ba a lissafa su cikin kiredit. F9 kuwa faɗuwa ce. Iyaye, ku riƙe wannan da kyau. Za a kawo wa uba sakamako, ya duba ya ga babu F9 ko ɗaya, ya yi hamdala ya ɗauka an gama, alhali Turanci D7 ne, Lissafi E8. Irin wannan sakamako bai kai yaro jami'a ba.

Ɗalibi yana yin rajistar darussa takwas ko tara, ba ƙasa da takwas ba, ba sama da tara ba. A cikinsu jami'a tana neman kiredit biyar, a zama ɗaya ko zama biyu. Zama biyu na nufin a haɗa sakamako guda biyu, misali na WAEC da na NECO, ko na bara da na bana. Sai dai a kwasa-kwasan da ake rububinsu, musamman likitanci, jami'o'i da dama zama ɗaya kawai suke karɓa.

Ga inda gizo ke saƙar. Kowa ya haddace cewa kiredit biyar ake nema, amma kaɗan ne suke tambayar waɗanne biyar. A ɗauka yaro ya samu kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Aikin Gona, darasin sanin ƙasa, na kwamfuta da na sana'a. Bakwai ke nan, sakamako mai kyan gani. Amma Fiziks D7, Kemistiri E8. In likita yake son zama, ko injiniya, ko mai haɗa magunguna, ko ma'aikacin jinya, waɗannan bakwai ba za su buɗe masa ƙofa ba, domin biyun da ya rasa suna cikin biyar ɗin da ake nema. Wanda zai je Sakkwato ba ya shiga motar Maiduguri don kawai abokinsa yana ciki. A tasha ake tambaya, kafin mota ta tashi, kuma aji huɗu shi ne tashar.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, yanzu mu dubi yadda darussan suke a jere. Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar makarantu a ƙasar nan. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin minista Tunji Alausa, ta sanar da sabuwar manhaja da ta rage yawan darussa. A babbar sakandare, darussa biyar ne aka ɗora wa kowa, ko wane aji yake. Turanci, Lissafi, darasin sanin ƙasa da tarihinta da haƙƙin ɗan ƙasa, darasin fasahar zamani ta kwamfuta, sai sana'a guda ɗaya. A manhajar da aka fara aiki da ita a 2011 sana'o'i 34 ne ake zaɓa daga cikinsu. Yanzu an taƙaita su zuwa shida: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki da zanen sutura, kiwon dabbobi, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar hannu, sai noman lambu da amfanin gona.

Yanzu ku yi lissafi tare da ni. Tara ne iyaka, biyar sun tafi a na dole. Saura huɗu. Waɗannan huɗun su ne dukiyar da ke hannun ɗalibi, su ne za su raba mai zuwa asibiti da mai zuwa kotu da mai zuwa banki. Don haka kowane ɗaya daga cikinsu sai an san dalilin ɗaukarsa.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a faro daga ƙarshe. A tambayi yaro me yake son zama, sannan a dawo baya a ga abin da wannan aiki yake nema.

Mai son likitanci, ko likitan haƙori, ko likitan dabbobi, ko haɗa magunguna, ko aikin ɗakin gwajin jini, biyar ɗinsa su ne Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. A JAMB kuma zai ɗauki Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Makarantun koyon jinya da ungozoma su ma waɗannan biyar ɗin suke nema. Ina so 'yan matanmu su ji wannan da kunnen basira. Sau da yawa yarinya za ta gama aji shida a ajin at, sannan ta ce ita aikin jinya take so, a je a samo fom, a tarar babu hanya.

Mai son injiniyanci, ko na gini, ko na lantarki, ko na injuna, Lissafi da Fiziks da Kemistiri su ne ginshiƙansa, kuma su zai ɗauka a JAMB tare da Turanci. In makarantar tana koyar da Lissafi Mai Zurfi, wanda ɗalibai ke kira foda mas, ko zanen injiniyoyi, zai ga amfaninsu tun shekararsa ta farko a jami'a. Mai son zanen gine-gine ko kimiyyar kwamfuta shi ma ba shi da makawa daga Lissafi da Fiziks. Akwai yara da yawa da ke ɗauka cewa iya danna waya da buga rubutu shi ne karatun kwamfuta. Karatun kwamfuta a jami'a lissafi ne tun daga tushe. Mai son aikin gona a matakin digiri kuma ya sani Kemistiri ba ya faɗuwa daga sharaɗinsa, tare da Bayoloji ko darasin Aikin Gona.

Mai son aikin lauya, abu biyu ne ba a sassauta masa a kansu: Turanci da Adabin Turanci, wato litirecha. Sannan ya ƙara da irin su darasin Gwamnati, Tarihi, Ilimin Addini ko Tattalin Arziki. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato suna koyar da shari'ar Musulunci tare da dokokin ƙasa, kuma mai wannan buri Larabci da Ilimin Addinin Musulunci za su yi masa rana. Aikin jarida shi ma a jami'o'i da yawa ana neman Adabin Turanci. Wannan darasi shi ne wanda ɗalibanmu suka fi gudu, saboda yawan littattafansa, kuma shi ne wanda rashinsa ya fi hana su kwas ɗin da suke so.

Mai son akanta, ko aikin banki, ko harkar gudanar da kasuwanci, ya riƙe Lissafi da Tattalin Arziki hannu bibbiyu, ya haɗa da darasin Akanta da na Kasuwanci. Kada wani ya gudu zuwa ajin kwamashal don tsoron Lissafi, domin zai tarar da shi a can yana jiransa.

A nan akwai maganar da ta jawo ce-ce-ku-ce, wadda ya kamata a fayyace. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa kiredit a Lissafi ba sharaɗi ba ne ga masu neman wasu kwasa-kwasan ɓangaren at, amma yana nan dole ga kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa. Sanarwar ta kuma sanya kiredit huɗu a matsayin mafi ƙarancin abin da ake nema a matakin difloma ta foliteknik da takardar malanta ta NCE. Wasu ɗalibai da suka ji haka sai suka ɗauka an yafe musu Lissafi. Ma'aikatar ta sake fitowa ta bayyana cewa kowane ɗalibi sai ya yi rajistar Turanci da Lissafi, kuma sai ya zauna jarrabawarsu. Shawarata ga ɗan ajin at ita ce ya nemi kiredit ɗinsa na Lissafi da gaske. Ra'ayi yana canzawa. Wanda yau yake son Tarihi, gobe zai iya son Tattalin Arziki ko kimiyyar siyasa, kuma ranar nan C6 ɗin Lissafi zai nema ido rufe.

Sai batun darasi na tara, wanda galibi ake ɗauka don cike gurbi. Ku yi amfani da shi wajen barin wata ƙofa a buɗe. Ɗan kimiyyar da ya nufi injiniyanci, in ya riƙe Bayoloji, ɓangaren lafiya bai rufe masa ba. Wanda ya nufi likitanci, bayan Fiziks da Kemistiri da Bayoloji gurbi ɗaya ya rage masa, in ya sa Tattalin Arziki ko Labarin Ƙasa ko Aikin Gona, ya samu madafa idan gurbin likitanci bai samu ba. Kuma ku sani, masu neman likitanci kowace shekara sun ninka gurabensa sau da yawa, don haka tanadin hanya ta biyu hankali ne.

Abin da na lissafa shi ne tsarin gaba ɗaya. Kowace jami'a tana da ƙarin sharaɗinta, kuma duk suna cikin kundin da JAMB take wallafawa, wanda ake karantawa kyauta a shafinta na intanet. Mafi yawan ɗalibai sai sun kai aji shida suke buɗe shi. Lokacin buɗe shi yanzu ne, kafin a rubuta sunanka a kowane aji. In babu waya mai intanet a gidan, a je wurin malamin da ke kula da jarrabawa a makaranta, ko wani yaya da ke jami'a, a zauna a duba tare. Matambayi ba ya ɓata.

[Kiɗa]

Jama'a masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna tattaunawa ne kan zaɓen darussa ga masu shiga aji huɗu. Mun ga abin da kowane kwas yake nema. Yanzu sai tambaya mai nauyi: yaya za a gane ajin da ya dace da wannan yaro na musamman, ɗanka ko 'yarki?

Abu na farko, a duba ƙarfinsa. Shaidar tana gida, a cikin katin sakamakonsa na aji ɗaya zuwa uku, da na jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. A fito da su a baje. Fiziks da Kemistiri a kan Lissafi suka tsaya. Yaron da shekara uku yana fama da lissafin ɓangare da na haruffa, in an tura shi ajin sayans ba tare da an gyara masa wannan tushe ba, wahala zai sha. Ajin at kuma a kan karatu da rubutu ya tsaya. Ɗan at zai karanta littattafan zube da wasan kwaikwayo da waƙoƙi cikin Turanci, na Afirka da na wajenta, ya yi dogon sharhi a kansu da alƙalaminsa. Wanda ba ya son zama da littafi, nan ma ba wurin hutu ba ne.

Abu na biyu, a saurari son ransa. Iyayena, a nan nake roƙonku. Akwai wata fahimta da ta yi kaka-gida a tsakaninmu, cewa sayans ajin masu ƙwaƙwalwa ne, at kuma wurin tara waɗanda suka rage. Wannan fahimta ta cuci yara masu yawa. Uba yana son a kira shi baban likita, sai a tura yaro mai baiwar harshe da iya hujja zuwa ajin da zai shekara uku yana jin kansa daƙiƙi, ya fito da D7 a jere, alhali da an bar shi inda ya fi ƙarfi, da A1 zai kawo. Alƙalai da lauyoyi da 'yan jarida da malaman harsuna da jakadu, ta wannan hanya ake samunsu. Mai Shari'a Aloma Mukhtar, wadda ta yi alƙalanci a Babbar Kotun Kano, ta zama mace ta farko da ta riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 2012, kuma karatun shari'a ne ya kai ta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Haka nan kada a yi akasin wannan, a janye yaro mai basirar lissafi daga kimiyya don ana ganin karatun yana da tsawo ko tsada. Arewa tana da ƙishirwar likitoci da injiniyoyi da malaman kimiyya. Sanin wannan ƙishirwa ne ya sa jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, kuma yau ɗalibansu suna asibitoci da jami'o'i a ciki da wajen ƙasar nan. Musamman a kula da 'ya'ya mata. Kowane magidanci yana so in ya kai iyalinsa asibiti ya tarar da mace ce za ta duba su. Wannan likita ko ungozoma 'yar wani ce, wanda ya yarda ta shiga ajin kimiyya, ya kuma bar ta ta kammala. In 'yarka tana da wannan basira, ka zama kai ne wannan uban.

Abu na uku, a duba makarantar. Wannan ita ce tambayar da aka fi mantawa. Makaranta za ta iya rubuta ajin sayans a jikin ƙofa, amma akwai malamin Fiziks? Akwai ɗakin gwaje-gwaje mai kayan aiki? A jarrabawar ƙarshe, Fiziks da Kemistiri da Bayoloji kowanne yana da takardar gwaji a aikace, inda ɗalibi zai riƙe kayan awo da hannunsa, ya haɗa sinadarai, ya rubuta abin da ya gani. Wanda bai taɓa taɓa waɗannan kaya ba sai ranar jarrabawa, an shiga haƙƙinsa. Haka ɗan at ya tambaya ko akwai mai koyar da Adabin Turanci. Uba yana da damar zuwa ofishin shugaban makaranta ya yi waɗannan tambayoyi cikin mutunci. In an tarar da giɓi, ƙungiyar iyaye da malamai da ta tsofaffin ɗalibai su tashi tsaye, a nemi malami daga ma'aikata, a nemi 'yan bautar ƙasa, ko a ɗauki na wucin gadi. In kuma abin ya gagara, gara a canza wa yaro makaranta tun a aji huɗu.

Kada kuma mu manta da kwalejojin fasaha, inda ake koyon wayarin, walda, kanikanci, gini da kafinta tare da Turanci da Lissafi da kimiyya. Yaron da hannunsa ke ƙaiƙayin kwance rediyo da injin ban ruwa, can ne zai yi fice. Zai fito da sana'a a hannu da takardar NABTEB, wadda za ta iya kai shi foliteknik ko jami'a. Ɗaliban makarantun Larabci da na haddar Alƙur'ani su ma su kula da Turanci da Lissafi, domin su ne za su ba takardarsu damar shiga kowane fage.

[Gajeren kiɗa]

Saura wasu abubuwa da ake raina su, amma suna hana mutum gurbi.

Na ɗaya, makin gwaje-gwajen aji. Makaranta tana tattara makin ɗalibi tun daga aji huɗu zuwa aji shida, ta aika wa hukumar jarrabawa, kuma yana shiga cikin sakamakon ƙarshe. Ashe ke nan gwajin da za a yi muku a zangon farko na bana yana da alaƙa da takardar da za ku karɓa nan da shekara uku. Wannan ne ma ya sa yawan sauya makaranta yake da haɗari. Sauya aji shi ma haka. In yaro ya ga ajin da ya shiga bai karɓe shi ba, ya yi magana tun a zangon farko ko na biyu. Wanda ya bari sai aji biyar ya rasa karatun shekara guda cur a darussa uku ko huɗu. A jihohi irin su Kano, a aji biyar ake zana jarrabawar kwalifayin, wadda gwamnati ke dubawa wajen biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawar ƙarshe. Ga gidan da ba shi da ƙarfi, cin wannan jarrabawa sauƙi ne babba.

Na biyu, suna da ranar haihuwa. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Mu kuma muna da al'adar rubuta suna iri-iri. A takardar firamare Muhammad, a ta sakandare Mohammed, a katin ɗan ƙasa an ƙara sunan gari ko na kaka. Nan A'isha, can Aishatu. Ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Kwamfuta ba ta san cewa mutum ɗaya ne ba. Gyara bayan takarda ta fito yana cin kuɗi da lokaci da zirga-zirga, wani ma ba ya gyaruwa. A zauna yau a tsayar da suna guda, da rubutu guda, da jeri guda, da ranar haihuwa guda, a kai wa makaranta. A kuma tuna cewa shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun shiga manyan makarantu, don haka babu ribar tsallakar da yaro aji.

Na uku, Turanci. Shi ne darasin da kowane kwas na jami'a yake nema, kuma shi ne ya fi tsayar da 'ya'yanmu. Jarrabawarsa ta ƙunshi rubuta insha'i ko wasiƙa, fahimtar labari, taƙaitawa, nahawu da furuci. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake haddacewa a wata uku. Ɗalibi ya ɗora wa kansa karanta shafi biyu ko uku kullum, da rubuta wasiƙa ko insha'i guda kowane mako, ya kai wa malami ya gyara. Wannan ba ya nufin a yi watsi da Hausa. Darasin Hausa ilimi ne mai zaman kansa, ana yin digiri har na uku a kansa, kuma wanda ya iya tsara tunaninsa da harshen uwa ya fi saurin iya tsara shi da wani harshe.

Na huɗu, kwamfuta. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta ake yin ta, WAEC ma ta fara gwada wannan hanya a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje. Yaron da bai saba da linzamin kwamfuta ba zai ɓata lokacinsa wajen neman inda zai danna. A nema masa damar taɓawa tun yanzu, ko a makaranta ko a shagon unguwa.

Na biyar, satar amsa. Akwai iyayen da ke cire yaro daga makarantarsa a aji shida, su kai shi wata cibiya a ƙauye inda aka ce ana ba da taimako, su biya kuɗi mai yawa. Hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamakon irin waɗannan wurare, suna soke shi, suna kuma janye amincewarsu daga makarantar. Ko an tsira daga wannan, A1 ɗin da aka saya ba zai zauna wa yaro jarrabawar JAMB ba, ba kuma zai raka shi ajin farko na jami'a ba. Sannan akwai haƙƙi. Wanda ya samu takardar jinya ko injiniyanci ta hanyar maguɗi, rayukan bayin Allah za a damƙa masa. Uban da ya biya wannan kuɗi ya koya wa ɗansa darasin da ya fi duk tara ɗin zama a zuciya.

Ga yayyenku da suka riga suka zana jarrabawa ba su cika biyar ba, kada su yanke ƙauna. WAEC da NECO suna shirya jarrabawar masu zana daga waje a ƙarshen shekara, ana iya cike abin da ya rage. Akwai makarantun share fagen shiga jami'a, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa. Hanyoyi ne masu kyau, sai dai kowacce tana cin shekara da kuɗi, kuma ku da kuke shiga aji huɗu yanzu kuna da damar da za ku huta da su.

Kafin mu rabu, ga aikin da nake ba kowane gida a wannan mako. Ɗalibi ya rubuta ayyuka uku da yake sha'awa, na farko da na biyu da na uku. A nemo sharaɗin kowanne a kundin JAMB, a rubuta a ƙarƙashinsa. A fito da katin sakamako na shekara uku a gwada da abin da aka rubuta. Sannan uba ko uwa ko yaya ya raka yaron makaranta, a zauna da malamin da ya san shi, a tambayi darussan da suke da malamai, a tsayar da tara ɗin tare. A yi istihara, a yi addu'a, sannan a sa hannu. Malamai kuma, don Allah kada ku raba yara aji-aji a tsaye. Ku ware rana guda ku kira iyaye, ku yi musu wannan bayani da Hausa, domin da yawansu ba su taɓa jin sa ba, kuma amanar yaran tana wuyanmu gaba ɗaya.

A nan za mu dasa aya. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya buɗa musu ƙwaƙwalwa, ya ba su ilimi mai amfani, ya ba iyaye abin ɗawainiya da su ta hanyar halal.

[Kiɗan rufe shiri]